Idan gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa

Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun da ke kare jiki daga cuta, kuma a cikin ɓargo ake samar da su. Mafi rinjayensu masu ɗigo-ɗigo ne a ciki idan aka dube su a madubin likita, sun kuma kasu uku: nitirofil, iyosinofil da basofil. Gwajin jini na FBC ne ke ƙidaya su. Baligi mai lafiya yakan samu fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita ta jini.

Yawaitarsu alama ce kawai, don haka likita kan fara duba wane iri ne ya hau. Idan nitirofil ne, galibi jiki na fama da ƙwayar bakteriya, kamar a ciwon huhu ko maruru. Juna biyu, shan taba da ƙuna su ma sukan ɗaga adadin. Haka magunguna irin su dexamethasone, wanda wasu ke sha don neman ƙiba. Wajibi ne mai shan sa ya faɗa wa likita, in ba haka ba a yi ta neman cutar da babu ita.

Hauhawar iyosinofil sama da 500 kuwa, a ƙasashenmu takan nuna tsutsar ciki ko tsargiya, musamman ga masu shiga ruwan dam da fadamun shinkafa. Asma ma takan jawo ta.

Inda ake fargaba shi ne adadin ya kai dubu hamsin ko ɗari, ya ƙi sauka, ga rama da gumin dare, ga saifa ta kumbura a hagun ciki. Wannan na iya zama sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda ake kira CML. A 1960 aka gano lahanin ƙwayar halitta da ke tare da ita a birnin Filadelfiya na Amurka, kuma tun 2001 ake da ƙwayar imatinib, wadda ta sa masu cutar da dama ke rayuwa shekaru suna harkokinsu.

Kuskure ne mutum ya karɓi takardar gwaji ya zarce kemis ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Taifod, da aka saba ɗora wa kowane zazzaɓi, sau da yawa ba ta ɗaga adadin, har ma takan rage shi. Idan likita bai gamsu ba, yakan sa a maimaita gwajin, a shafa jinin a gilashi a duba siffar ƙwayoyin, kafin a kai ga ɗibar ɓargo.