Tsai da Manufa da Tsara Aiki Wajen Gyaran Manyan Filayen Wasa

Gyaran babban filin wasa yana daga cikin ayyukan gwamnati masu cin kuɗi da yawa, kuma ya sha bamban da sauran ayyuka ta fuska guda: galibi ana yin sa ne domin wata gasa, ranar buɗe gasa kuwa ba ta jiran ɗan kwangila. Mun shirya wannan bayani ne domin jami'an ƙananan hukumomi da jama'ar karkara na yankin Dutse su san yadda ake tafiyar da irin wannan aiki, da abin da ya kamata su sa wa ido.

Misali daga Kano

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a birnin Kano shi ne fili mafi kusa da Dutse da ya taɓa karɓar gasar duniya. An buga wasannin gasar matasa ta FIFA a cikinsa a watan Afrilun 1999, sai gasar cin kofin Afirka ta 2000, sannan gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Kaduna da Bauchi su ma suka karɓa. Kafin kowace gasa sai masu bincike daga hukumar da ke shirya ta sun zo sun duba filin sun amince. Rashin cika irin waɗannan sharuɗɗa ne ya sa hukumar CAF ta ƙwace gasar 2000 daga hannun Zimbabuwe ta miƙa wa Nijeriya da Gana.

Tsai da manufa

Matakin farko shi ne a rubuta abin da ake nufi da gyaran, ta yadda za a iya aunawa. Cewa "a inganta fili" bai wadatar ba. Dole a fayyace faɗi da tsawon wurin buga ƙwallo, wanda a manyan gasa yakan kai mita 105 da mita 68, da yawan kujeru, da ƙarfin fitilu, da ɗakunan 'yan wasa, da ƙofofin fita idan an shiga haɗari.

Tsara lokaci

Ana fara lissafi ne daga ranar gasa a dawo baya. Magudanan ruwa da bututun ban ruwa su ne a gaba, domin a ƙarƙashin ƙasa suke. Sai ciyawa, wadda ke buƙatar watanni kafin ta kama. A yankinmu dole a yi la'akari da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da aikin haƙa yake wahala. Haka nan kuma a ware lokacin gwaji. A gasar 2009 fitilu sun ɗauke a Kano ana tsakiyar wasan Sifen da Amurka, har aka dakatar da wasa na ɗan lokaci. Wannan ya nuna muhimmancin gwada janareta da fitilu tun kafin baƙi su iso.

Kuɗi da sa ido

Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007 ta tanadi a tallata kwangila a fili, kuma Jihar Jigawa tana da hukumarta ta bin ƙa'idar kwangila da duba ayyuka. Abin da ya dace shi ne a biya ɗan kwangila kashi-kashi, bayan injiniya ya tabbatar da kammala kowane mataki.

Bayan an tashi gasa

Babban filin wasa na Surulere a Legas ya karɓi wasannin Afirka na 1973, amma daga baya ya lalace saboda rashin kulawa. Na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, sai da aka sake masa ciyawa tsakanin 2020 da 2021. Saboda haka kuɗin ruwa, na man janareta da albashin masu kula da ciyawa su shiga kasafi tun daga farko.

Waɗannan ƙa'idoji sun shafi ƙaramin filin ƙaramar hukuma a Kiyawa ko Birnin Kudu kamar yadda suka shafi na birni. Muna kira ga jama'a da su riƙa tambayar wakilansu manufar aikin, da ranar kammala shi, da wanda zai kula da filin bayan an miƙa shi.