Gonar Aro, Takardar Fili da Buhun Gawayi

Duk wanda ya bi hanyar Ningi ko ta Dass kwanan nan ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, suna jiran motar da za ta kawo su cikin garin Bauchi. Mu ne masu saye, don haka ya kamata mu san mafarin abin.

Kakanninmu da suka zo daga Kano da Katsina baƙi ne, aron gona suke samu ta hannun mai unguwa. Ƙa'idar aro kuwa sananniya ce: ka shuka dawarka da gyaɗarka, amma ɗorawa da kaɗanyar da ka tarar na mai gona ne. Ba ka sara, ba ka kuma dasa sabo, don wanda ya dasa itace kamar ya ce gonar tasa ce. Ta takura mana, gaskiya, amma ta tsare itatuwan.

Dokar Turawa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, sai dai a aikace sarakuna da En'e ke riƙe da ita. En'e ke da gandun daji da malaman daji, kuma dattawanmu har yau suna tuna tarar da ake ci in an kama mutum da ɗanyen itace. A 1956 aka keɓe Yankari.

Sai 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Bauchi. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar mallakar ƙasa: filayen birni na hannun gwamna, na karkara ƙaramar hukuma na iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma. A takarda, baƙo da ɗan ƙasa sun zama ɗaya, kuma wasunmu sun amfana. Amma wa ya iya zirga-zirgar neman takarda? Mai kuɗi da mai hanya. Shi kuwa da ya karɓi fili, abin da yake fara yi shi ne tumɓuke itatuwa don tarakta ta wuce. Dajin da kowa ke shiga ya zama ba mai tsaronsa.

Tsarin SAP na 1986 ya tsadar da kananzir, cire tallafin mai a 2023 ya ƙarasa sauran. Yanzu ƙirya da marke sun yi nisa, masu gatari sun koma kan kaɗanya, wadda a da matan ƙauye ke tsintar 'ya'yanta su yi man kaɗe su kawo mana kasuwar Wunti.