Gefe da Tsakiya: Yadda Aka Gano Sirrin Kabon a Batirin Haidrojin

A shekarar 1839, masanin kimiyya ɗan Birtaniya William Grove ya nuna cewa ana iya samun lantarki daga haɗuwar iskar haidrojin da oksijin, muddin akwai ƙarfen filatinom da zai hanzarta haɗuwar. Har yau batirin haidrojin yana dogara da wannan ƙarfe mai tsada, wanda mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Tsadar ce ta sa masana suka shiga neman madadi, har hankalinsu ya koma kan kabon, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir.

A 1991, Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana siraran bututun kabon waɗanda ake auna faɗinsu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A 2004 kuma, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka ware grafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra guda, wadda zarrarta ke jere kamar saƙar zuma. Da yawa sun ɗauka cewa kyawun wannan saƙa shi ne zai ba kabon ƙarfin aiki.

Binciken ayarin Richard Compton a Jami'ar Oxford, a tsakiyar shekarun 2000, ya rushe wannan zato. Sun gano cewa musayar lantarki tana gudana da sauri a bakin bututun da wuraren da saƙar ta yage, amma santsin tsakiyar shimfiɗar yana da nawa. Sun kuma nuna cewa wani ɓangare na aikin da ake yaba wa kabon, na ɓurɓushin ƙarfen da ya rage ne lokacin ƙera bututun.

Daga nan aka fara sauya saƙar da gangan. A 2009, ayarin Liming Dai a Jami'ar Dayton ta Amurka ya cusa naitirojin cikin bututun, suka yi gogayya da filatinom wajen sarrafa oksijin a ruwa mai ɗabi'ar kanwa. A 2016, ayarin Junji Nakamura a Jami'ar Tsukuba ta Japan ya nuna inda aikin yake: zarrar kabon da ke maƙwabtaka da naitirojin ɗin da ya zauna a gefen saƙar. A can ne daidaiton lantarki ke karkata, oksijin ya samu wurin maƙalewa.

Abin da shekarun nan suka koyar shi ne, yadda aka jera zarrar kabon, da yawan gefe da gurbi a cikinta, su ke yanke ƙarfin aikinsa. Duk da haka, a batiran motoci, waɗanda ke aiki cikin yanayi mai tsami, filatinom ne ke riƙe da matsayinsa har yanzu.