Tarihin Firinta Mai Fesa Tawada da Ciwonta na Toshewa

A shekarar 1977, a ɗakin binciken kamfanin Canon da ke Japan, ƙarfen narka dalma mai zafi ya taɓa allurar sirinji cike da tawada, sai tawadar ta yi tsartuwa waje. Injiniya Ichiro Endo bai bar abin ya wuce haka nan ba. Ya gane cewa zafi na tayar da kumfa a cikin tawada, kumfar kuma ta ingizo ɗigo. Bayan shekara biyu, John Vaught na kamfanin HP a Amurka ya kamo wannan dabarar da kansa.

Fesawar ba ita ce wahalar ba. Ana son tawada ta bushe da ta sauka kan takarda, amma kada ta bushe a bakin ƙofofin da take fitowa, waɗanda ba su kai kaurin gashin kai ba. Yaya za a yi ruwa ɗaya ya bi umarni biyu? Fararen layukan da ake gani sun ratsa rubutu ko hoto, yawanci daga nan suke: wasu ƙofofin sun toshe.

HP ta yanke hanya. Da ta fitar da firintar ThinkJet a 1984, ƙofofi 12 kacal gare ta, an kuma haɗa su da robar tawadar, ta yadda in tawada ta ƙare a jefar da duka a sa sabuwa. Dabara ce mai kyau, sai dai mai saye ne ke biyan kuɗinta har yau. DeskJet ta 1988, wadda aka sayar kusan dala 1,000, ita ta shigar da firintar ofisoshi da gidaje, don tana bugawa kan takardar da kowa ke da ita. Epson kuwa ta guji zafi, ta yi amfani da wani ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u da ke motsi in wutar lantarki ta taɓa shi, ta bar kan firintar, wato sashen da ƙofofin suke, a jikin na'ura. Shi ya sa masu Epson suka fi kowa sanin danna wankin kan firinta, wanda ke zuƙe tawada mai yawa ya zubar cikin soso a ƙasan na'urar.

Jan takarda bai samu irin wannan ci gaban ba. Har yanzu 'yar tayar roba ce ke kamo shafin sama ta tura shi ciki. Masu shagunan buga takardu a Kano da Zinder sun san halinta: da hunturu ƙura ta sa ta santsi, ta yi ta juyawa ba ta kama komai ba, da damina takardu su sha danshi su manne, ta kwaso uku a tare su cushe. Gogaggen mai shago kan goge tayar da tsumma mai ɗan laima, ya karkaɗa bandir ɗin takardar kafin ya zuba, ya kuma buga ko shafi ɗaya mai launi duk mako don kada ƙofofin su bushe.