Sana'ar Samar da Kayan Karatun Ƙananan Yara a Birnin Zariya

Abin da ake nufi da kayan karatun ƙananan yara shi ne littattafan koyon baƙi da wasali, da na tatsuniyoyi masu hotuna, da waƙoƙi da shirye-shiryen rediyo ko na bidiyo waɗanda aka tsara musamman domin yaro mai fara karatu. Zariya ta daɗe da yin suna a wannan fanni. Idan aka bi tarihin sana'ar za a ga cewa abin da ke raya ta ko ya durƙusar da ita a kowane zamani shi ne mai saye, wato ko iyaye ne ke biya daga aljihunsu, ko kuwa hukuma ce ke saye da yawa ta rarraba wa makarantu.

A Cikin Ganuwa

Tun kafin zuwan boko akwai masu cin abinci da karatun yara a cikin birni. Unguwanni irin su Kona da Juma sun shahara da malamai da almajirai, kuma kowace makarantar allo tana da masu sana'a a bayanta: mai sassaƙa allo, da mai haɗa tawada, da mai fiƙe alƙalami, da marubuci mai kwafe littafi da hannu, da baduku mai ɗinka gafaka. Da injin ɗab'i ya samu, sai 'yan kasuwa suka riƙa biyan mai kyakkyawan rubutu ya rubuta littafi, a ɗauki hotonsa a buga da yawa. Ta haka ƙananan littattafai irin su Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi suka yi araha, ana baza su a kan tabarma a bakin masallaci ranar Juma'a, ana kuma kai su kasuwannin ƙauye. Wannan reshe bai taɓa dogara da kwangilar gwamnati ba. Ribarsa kaɗan ce, amma shi ne ya fi kowanne daɗewa, domin uba yana ganin amfanin littafin a bakin ɗansa tun kafin shekara ta zagayo.

Zamanin Gaskiya

Littattafan boko kuwa hukuma ce ta fara da su. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dakta Rupert East. Ita ce ta shirya gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Bayan haka Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin littattafai uku domin karatun 'yan makaranta. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, a bayan ganuwa. Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa a lokacin Yaƙi da Jahilci, kafin a rufe ta a 1959.

A 1966 aka kafa Kamfanin NNPC, haɗin gwiwar Gaskiya da kamfanin Macmillan na Ingila. Duk wanda ya yi firamare a Arewa a shekarun 1970 zai tuna da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, da kuma yadda yara uku ko huɗu kan haɗa kai a kan littafi ɗaya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe kasuwa mai faɗi, har 'yan kasuwa suka shigo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kamfanin Hudahuda na Zariya, wanda ya buga littattafan makaranta tare da kamfanin Hodder and Stoughton. Sai dai bayan matsin tattalin arziki na 1986 takarda ta yi tsada, sayen da gwamnatoci ke yi ya ja baya, masu satar fasaha kuma suka cika kasuwa da jabu.

Rediyo, Talabijin da Wayar Hannu

A yau yaro na iya jin waƙar haruffa a wayar mahaifiyarsa kafin ya taɓa littafi. A Abuja, Adamu Waziri ya ƙirƙiro shirin zane mai motsi na Bino and Fino domin yara su ga irin rayuwarsu a allon kallo. An fara nuna Sesame Square a tashar NTA a 2011, ƙungiyar Ubongo ta Tanzaniya kuma tana fassara shirye-shiryenta zuwa harsunan Afirka, har da Hausa. Ya kamata a lura cewa waɗannan biyu na ƙarshe da tallafin masu ba da agaji suka tashi, don haka bai dace ƙaramin ɗan kasuwa ya auna kansa da su ba. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, darussan rediyo ne suka fi isa ƙauyukan Jihar Kaduna.

Matsalar wannan reshe ita ce kwafi. Da zarar waƙa ta shiga wayar mutum ɗaya, masu tura waƙoƙi a kasuwa za su raba ta ga ɗaruruwa, mai ita bai samu ko kwabo ba. Saboda haka ya fi wa mai irin wannan sana'a ya haɗa sautin da littafi, ya sayar wa makarantun Islamiyya da masu zaman kansu kai tsaye.

Batun Harshe

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare, a 2022 kuma aka faɗaɗa wannan zuwa aji shida. A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin tare da komawa ga Ingilishi. Ga mai buga littattafan Hausa wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin yana iya rage abin da hukumomi za su saya, ya bar shi da iyaye da malaman Islamiyya.

Ga Mai Son Shiga, da Jami'in da Zai Saya

Mai son kafa wannan sana'a zai yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya karɓi lambar littafi daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Idan littafin na aji ne, Hukumar NERDC ce ke duba dacewarsa da manhaja. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare marubuci da mai zane, kuma ya kyautu a rubuta yarjejeniya da su tun farko. Ba a rasa ƙwararrun masu zane da masana Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko shugaban makaranta kuwa, kafin ya sa hannu a takardar saye, ya buɗe littafin da kansa. Ya duba girman haruffa da ƙarfin ɗinki, ya tabbata ba jabu ba ne. Ya kuma duba ko an sa haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin in babu su yaro ba zai bambance kafa da ƙafa ba, ko bari da ɓari.