Gwajin Mann-Whitney U

Gwajin Mann-Whitney U hanya ce a ilimin ƙididdiga da ake kwatanta rukunin bayanai biyu masu zaman kansu, ba tare da sharaɗin cewa bayanan sun bi rarrabuwar Gauss ba. Frank Wilcoxon ya gabatar da tushensa a 1945, sannan Henry Mann da Donald Whitney na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka suka faɗaɗa shi a 1947.

Ana haɗa alƙaluman rukunonin biyu, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a yi lissafi da matsayin kowanne. Hanya biyu ake bi wajen fitar da ƙimar p, wadda ake dubawa don sanin ko bambancin rukunonin yana da ma'ana a ƙididdiga. Hanyar ainihi tana ƙirga duk rabon matsayi mai yiwuwa, kuma ita ta dace da ƙananan samfura: rukuni biyu masu mutum 5 kowanne suna ba da rabo 252. Hanyar kusantarwa tana dogara da rarrabuwar Gauss, ingancinta yana ƙaruwa idan samfura suka yi yawa.

Idan kowane rukuni yana da mutum 3 kacal, ƙimar p ta ainihi mai fuska biyu ba ta sauka ƙasa da 0.1.