Kwatar masunta da gaɓar da ba ta zama wuri ɗaya

A garuruwan bakin teku, idan jama'a suka nemi hukuma ta gina masu kwata domin kamun kifi, gardamar ta kuɗi ce kawai, don kowa ya san teku na nan inda aka bar shi. A jihar Difa lamarin ya sha bamban. Masuntanmu ma suna son wurin sauke kifi mai rumfa da ƙanƙara, amma tambayar farko ita ce: a ina za a gina shi?

Mai karatu ya dubi Ngigmi. A shekara ta 1963, lokacin da faɗin tafkin Cadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, garin yana bakin ruwa ne, kwale-kwale na tsayawa a gindinsa. Shekara guda bayan haka Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi suka kafa Hukumar Tafkin Cadi. Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, tafkin ya rabe biyu, kwarin arewa, inda rabon Nijar yake, ya riƙa ƙafewa ƙurmus a wasu shekaru. Inda dā ake jefa taru, aka koma shuka masara. Da ruwa ya fara dawowa, cinikin kifi bai koma Ngigmi yadda yake ba. Ya bi sabuwar gaɓa, irin su Doro Lelewa, daga can banda ke wucewa Maiduguri.

Komadugu ma haka take, sai dai nata juyin na kowace shekara ne. Ruwanta daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake fitowa, ya iso Difa da damina, ya cika maƙil da sanyin hunturu, da bazara kuma yaro ya ƙetare ta da ƙafa zuwa Najeriya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, duka a ƙasar Kano, abin da ke isowa Boso ya dogara har da shawarar mutanen da ba su taɓa ganin Boso ba. Duk da haka a 2019 da 2022 kogin ya yi ambaliya, ya cinye gidaje da gonakin tattasai. Kwatar siminti, in an kafa ta ƙasa ruwa ya shanye ta, in an kafa ta tudu ya guje mata.

Na ga abin da ya fi damun masunta ma ba ginin ba ne. Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa a Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, an kwashe mutanen tsibirai, an hana su da fataucin kifi. Sai a 2019 aka ɗage hanin. Shekaru huɗu ke nan ruwa na nan, kifi na nan, amma Buduma da Barebari da Hausawan da suka gaji sana'ar suna zaune a sansanoni gefen hanyar kwalta, suna jiran rabon hatsi.